Jirgin yaƙin da bututu ɗaya ya nutsar

A ranar 21 ga Janairun 2013, wani jirgin ruwan yaƙi na ƙasar Ajantina mai suna Santisima Trinidad ya kife a sansanin sojan ruwa na Puerto Belgrano. Ba yaƙi ake yi ba, guguwa ba ta taso ba, babu kuma wanda ya harbe shi. Yana ɗaure a bakin tasha wani bututu ya fashe a cikinsa, ruwa ya yi ta kwarara har ya fi ƙarfin masu kwashewa, jirgin ya karkata ya kwanta da gefe. Ya kusa shekara uku a haka, sai a ƙarshen 2015 aka samu aka ɗago shi. Wannan jirgi kuwa ba ƙarami ba ne a tarihin ƙasarsa. Shi ne ya ɗauki sojojin kundumbala da suka fara sauka a tsibiran Falklan a daren 1 zuwa 2 ga Afrilun 1982, saukar da ta jawo yaƙi tsakanin Ajantina da Birtaniya.

Na daɗe ina bibiyar labarin jiragen yaƙi nau'in distiroya, wato masu gudun nan da aikinsu shi ne rakiyar manyan jirage da kare su daga jiragen sama da na ƙarƙashin ruwa. Abin da na fahimta daga tarihinsu shi ne, abokin gaba kan nutsar da kaɗan, amma sakaci da rashin kayan gyara su ke cinye mafi yawa a ƙasashen da ke saye ba sa ƙerawa. Najeriya tana cikin wannan sahu, shi ya sa labarin Ajantina ya dame ni.

Santisima Trinidad ɗan wani gida ne da Turawan Ingila suka sa wa suna Nau'i na 42. An ƙera goma sha shida: sha huɗu na Birtaniya, biyu na Ajantina. Na fari a gidan shi ne Sheffield, wanda aka ƙera a ma'aikatar Vickers da ke garin Barrow, Sarauniya Elizabeth ta ƙaddamar da shi a 1971, ya fara aiki a 1975. A wannan ma'aikatar dai aka ƙera Hercules, na farkon jiragen Ajantina biyu. Har ma lokacin da wata fashewa ta kashe ma'aikata biyu ta lalata wani sashe na jikin Sheffield ana cikin ƙera shi, daga jikin Hercules aka ciro sashen da aka maye gurbin da shi. Kusancinsu ya kai haka. Shi kuwa Santisima Trinidad a gida Ajantina aka haɗa shi, a ma'aikatar Rio Santiago, da zane da injuna da makamai na Ingila. Tun kafin a gama shi ya fara shan wuya: a watan Agustan 1975 'yan tawayen Montoneros suka yi nutso suka dasa masa bam a ƙarƙashi, aikin ya koma baya. Sai a 1981 ya shiga aiki, kuma a wannan shekarar ya je Birtaniya inda aka horar da ma'aikatansa, suka gwada makamansa masu linzami. Bayan 'yan watanni, malamai da ɗalibai suka ja daga.

A yaƙin, Birtaniya ta yi asarar biyu daga wannan gida. Ranar 4 ga Mayun 1982 wani jirgin saman Ajantina ya harbi Sheffield da makami mai linzami na Exocet, ƙirar Faransa. Wuta ta kama, mutum 20 suka mutu, jirgin ya nutse ranar 10 ga wata ana jan sa. Ranar 25 ga Mayu aka yi wa Coventry ruwan bama-bamai, ya kife cikin mintuna, mutum 19 suka rasu. Jiragen Ajantina biyu kuwa sun koma gida lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

To a nan ne abin lura yake. Sauran 'yan gidan da ke hannun Birtaniya sun ci gaba da aiki shekara da shekaru. Gloucester ya kakkaɓo wani makami mai linzami da Iraƙi ta harbo a Yaƙin Tekun Fasha na 1991. Edinburgh, autansu, bai ajiye aiki ba sai a tsakiyar 2013, sannan aka kai shi Turkiyya aka yanka ƙarfensa, kamar yadda aka yi wa yawancin 'yan uwansa. Wannan ƙarshe ne na mutunci ga jirgi: ya yi aikinsa, ya tsufa, an sayar da ƙarfen, an kawo magajinsa. Na Ajantina da suka tsira daga wuta su ne suka mutu a tsaye. Birtaniya ta ƙaƙaba takunkumin makamai, safaya ta daina zuwa. Jirage biyu, babu kayan gyaran ko ɗaya, sai aka yanke shawarar a riƙa ciro na jikin Santisima Trinidad ana sa wa Hercules. Tun 1989 bai sake fita teku ba. Jirgin da aka shafe kusan shekara goma ana ginawa bai yi shekara goma yana aiki ba. Shi ma Hercules daga baya an mai da shi jirgin jigilar sojoji, ya bar aikin da aka saye shi dominsa.

Mai karatu ya kwatanta wannan da abin da ya sami Cole, distiroyan Amurka da aka kai wa harin ƙunar baƙin wake a tashar Aden ta Yaman ranar 12 ga Oktoban 2000. An kashe sojoji 17, an huda masa ƙaton rami a gefe. Amurka ta ɗora shi ɗungurungum a bayan wani jirgin dako mai suna Blue Marlin, ta kai shi ma'aikatar da ta ƙera shi a Pascagoula, jihar Mississippi, kuma a 2002 ya koma bakin aiki. Jirgi guda bam bai gama da shi ba, wani kuwa bututu ya kwantar da shi. Bambancin ba na jarumtar sojoji ba ne. Ɗaya ƙasarsa ce ke da zanensa da injiniyoyinsa da rumbun kayan gyaransa, ɗayan kuwa komai nasa yana hannun wanda suka ɓata da shi.

Duk wanda ya taɓa riƙe doki ya san cewa kuɗin saye shi ne mafi sauƙi a cikin al'amarin. Harawa da dusa da kanwa, da mai wanke shi da mai duba kofatonsa, da kilisar da dole a yi masa ko babu hawan salla, su ne riƙon doki. Jirgin yaƙi ya fi haka cin hidima nesa ba kusa ba, don shi ruwan gishiri yana cin sa dare da rana ko yana tafiya ko yana tsaye. Dole lokaci-lokaci a fitar da shi daga ruwa a kankare ƙasansa a shafa fenti. Injinsa yana da adadin awoyin da in ya cika sai an sauke shi. Makamai masu linzami suna da wa'adi kamar magani. Ma'aikatan da aka horar kuwa, in jirgi ya shekara uku bai motsa ba, wasu sun yi ritaya, wasu an canja musu wurin aiki, hannun sauran ya yi sanyi.

Alaƙarmu da wannan labari ba ta nesa ba ce, ta jini ce. Bayan Nau'i na 42, Ajantina ta sayi distiroya huɗu daga kamfanin Blohm da Voss na Hamburg a Jamus: Almirante Brown, La Argentina, Heroina da Sarandi, waɗanda suka fara aiki a 1983 da 1984. Ƙirarsu ita ce MEKO 360, kuma jirgi na farko da aka taɓa ƙerawa a wannan ƙira a duniya namu ne, NNS Aradu, wanda ya fara aiki a 1982, zamanin Shugaba Shehu Shagari. Mu muna lissafa shi a jerin firiget, su suna kiran nasu distiroya, amma uwa ɗaya uba ɗaya suke. Tsawonsa ya kai mita 125, da babbar bindiga mai bakin milimita 127, da makamai masu linzami, da wurin saukar jirgi mai saukar ungulu. A lokacinsa, da wuya a sami kamarsa a Afirka kudu da Sahara.

Su ma waɗannan jirage huɗu na Ajantina ba su tsira ba, domin jikin na Jamus ne amma injunan na Rolls-Royce ne, wato na Ingila. Heroina ya shafe fiye da shekara goma a ɗaure saboda wani sashe na giyarsa da aka aika Ingila gyara ya maƙale a can. Aradu kuwa ba yaƙi ya yi da wanda ya ƙera shi ba, amma tarihinsa ya fi yawa a bakin tasha. An lallaɓa shi ya je Portsmouth a 2005 wajen bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar, ya je Brazil a 2007, daga nan sai dogon zama a Legas. A 2023 rundunar sojan ruwa ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Dearsan na Turkiyya don a farfaɗo da shi. Ina fatan aikin ya yi kyau. Sai dai tambayar da nake so a amsa ita ce, in ya dawo, da me za a riƙe shi shekara goma masu zuwa?

Wani zai ce Ajantina ita ta jawo wa kanta, tunda ita ta tsokano yaƙi da mai sayar mata da makamai. Haka ne, amma takunkumi ba sai an yi yaƙi ba. A Nuwamban 1995, bayan gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutanensa takwas, Tarayyar Turai ta sa wa Najeriya takunkumin makamai. A 2014, muna tsakiyar yaƙi da Boko Haram, Amurka ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma makamin da sai wani ya ga dama zai ba ka kayan gyaransa, ko ka biya kuɗinsa lakadan, aro ne.

Wani kuma zai ce mu da muke Kano da Sakkwato da Maiduguri, ina ruwanmu da jirgin teku? Ruwanmu da tsaki. Ɗanyen man da ake rabon kuɗinsa duk wata a Abuja ta teku yake fita, kuma a can ake sace shi. Takin zamani da magani da injuna da ke isowa kasuwanninmu ta Apapa da Onne suke shigowa, kuma duk lokacin da fashin teku ya tsananta a Tekun Gini, kuɗin inshorar jirage yakan hau, mai saye a Kantin Kwari ya biya. 'Ya'yanmu suna cikin rundunar sojan ruwa, har ɗan Kano, Awwal Zubairu Gambo, ya shugabance ta daga 2021 zuwa 2023. Akwai sansaninsu a Baga, bakin Tafkin Chadi. Kwalejin da ke koya musu sha'anin kayan aiki da ajiyarsu ma a Dawakin Tofa take. A ganina abin da ake koyarwa a wannan kwaleji, wato yadda za a san wane ƙarfe ne zai lalace, yaushe, kuma a ina za a samo madadinsa, ya fi bikin ƙaddamar da sabon jirgi muhimmanci ga tsaron ƙasa, ko da yake ba a ɗaukar hotonsa.

Ba na cikin masu cewa a daina sayen manyan jirage baki ɗaya. Ƙasar da ke haƙo mai a can cikin teku tana buƙatar jirgin da zai iya makonni bai dawo tasha ba. Amma ina adawa da sayen abin da ba mu shirya riƙewa ba. Thunder da Okpabana, tsofaffin jiragen tsaron gaɓar Amurka da aka miƙa mana a 2011 da 2014, an ƙera su ne tun a ƙarshen shekarun 1960. Sun yi mana amfani, amma jirgin da ya haura shekara arba'in kafin ya zo hannunka, rabin aikinsa neman safayar da aka daina ƙerawa ne. Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa ƙanana ne: Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, Oji a 2021, dukkansu a ma'aikatar sojan ruwa ta Legas aka ƙera su. Ba su da girman Aradu, ba su da kwarjininsa. Amma wanda ya yi musu walda yana nan gida, in wani abu ya ɓaci za a kira shi ya zo. Daga nan ake farawa.

Akwai kuma batun ƙarshen jirgi, wanda mu ba mu cika tunaninsa ba. Poland tana da distiroya mai suna Blyskawica, wanda aka ƙera a Ingila ya fara aiki a 1937, ya yi Yaƙin Duniya na Biyu, kuma tun 1976 yake tsaye a Gdynia a matsayin gidan tarihi, 'yan makaranta na shiga suna gani. Kanada ta adana nata distiroyan, Haida, a birnin Hamilton. Ajiyar ma ba kyauta ba ce: The Sullivans, wanda Amurkawa suka mai da gidan tarihi a Buffalo, ya huje ya karkata a 2022 sai da aka kai masa ɗauki. Mu muna da NNS Nigeria na 1965, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa Obuma, jirgin da ya taka rawa wajen saukar sojoji a Bonny a 1967 lokacin yaƙin basasa. Matasa nawa ne suka taɓa jin sunansa? In jirgi ya gama aiki, a yanke masa hukunci a kan lokaci: ko a adana shi da kasafin da zai riƙe shi, ko a sayar da ƙarfen a sa kuɗin a baitulmali. Barin sa yana tsatsa a bakin tasha, ana biyan masu gadi, shi ne mafi munin zaɓi.

Kirana ga sanatoci da 'yan majalisar wakilai, musamman na kwamitocin sojan ruwa, da 'yan jaridar da ke bin su: duk ranar da aka kawo buƙatar sayen jirgi ko gyaran tsoho, kada ku tsaya a kan farashi. Ku nemi a nuna muku kwangilar kayan gyara da shekarun da za ta ɗauka, ku tambayi ƙasar da ta ƙera injin da wadda ta ƙera makaman, da injiniyoyinmu nawa za a horar, da tashar da za a riƙa fitar da shi daga ruwa a cikin Najeriya. In babu amsa a rubuce, kada ku sa hannu.