Ruwa garau ba shi ne ruwa mai tsafta ba

Duk sanda aka tada maganar ruwan famfo a Kano, tambaya ɗaya muke yi: ya zo ko bai zo ba? In ya zo, sai mu duba ja ne ko fari. In ya fito garau, shi ke nan, mun gode Allah. To ni yau tambayar da ba ma yi nake son mu yi: maganin feshin da ake kwararawa a gonaki rani da damina, ina yake ƙarewa?

Matatar Tamburawa daga Kogin Kano take ɗiban ruwa. Kogin nan daga Dam ɗin Tiga yake gangarowa, kuma kafin ya iso Tamburawa sai ya bi ta yankin noman rani na Bunkure da Garun Malam da Kura, inda ake noma shinkafa, tumatir, albasa, alkama da masara. Kowa ya san yadda noma ya koma. Ƙwadago ya yi tsada, manomi ya ajiye fartanya ya goya famfon feshi. A fesa kafin shuka, a fesa bayan tsiro, a fesa wa tsutsa. Tun da tsutsar nan ta Sharon ta cinye tumatir a 2016, wasu ko awo ba sa yi, sai su haɗa kala biyu ko uku su ƙara murfi "don ya kama". In an gama, a wanke famfon a bakin ruwa, a yar da robar a nan. Ruwan da ya rage a gona kuwa magudana yake bi ya koma kogi.

Na san amsar da za a ba ni: ai ana tace ruwan. Ana tacewa, amma da me? Alif yana kwantar da laka. Yashi yana tare datti. Kulorin yana kashe ƙwayoyin cuta irin na kwalara da taifot. Duk suna da amfani, amma ba a yi su don maganin feshi ba. Magani irin su atarazin, wanda ake fesa wa ciyawa a gonar masara, narkewa yake a ruwa, ya ratsa alif da yashi da kulorin ya wuce abinsa. Cire shi sai da gawayin tacewa na musamman ko wasu na'urori masu tsada. Tafasawa ma ba ta cire shi. Mai cewa shi fiyawata yake sha ko rijiyar burtsatse gare shi, kada ya saki jiki, don atarazin ya shahara wajen nutsewa cikin ƙasa ya tarar da ruwan ƙarƙashi. Wannan ne ma dalilin da Tarayyar Turai ta janye masa izini tun 2004.

Sai masu cewa, "Haba Malam, shekara nawa muna sha ba mu mutu ba?" Wannan maganar ta fi ba ni takaici. Kwalara a kwana biyu take nuna kanta, shi ya sa muke tsoronta. Gubar feshi kaɗan-kaɗan take shiga, shekara da shekaru, ba amai ba gudawa. Gamalin da ake zubawa a ruwa don kama kifi, sinadarin da ke cikinsa hukumar binciken kansa ta duniya ta sanya shi cikin masu haddasa kansa tun 2015. Kulofirifos kuma Turai ta hana shi a 2020 saboda illarsa ga ƙwaƙwalwar jarirai da 'yan tayi. Yaron da abin ya taɓa ba za a ga alama a goshinsa ba. Sai dai a ce ba ya ja a makaranta.

Ku dubi ma'aunin kansa. A Turai, ba a yarda maganin feshi guda ɗaya ya wuce miligiram 0.0001 a lita ɗaya ta ruwan sha ba. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya da hukumar SON ta fitar a 2007 ta sa iyakar a miligiram 0.01. Ninki 100 ke nan. Cikinmu ya fi nasu ƙarfi ne? Kuma ko wannan sassauƙan ma'aunin, don Allah wa ya taɓa ganin an liƙa sakamakon gwajinsa a bango, ko an karanta a rediyo? A 2015 Turai ta rufe wa wakenmu ƙofa saboda yawan sinadarin fiya-fiya da ta gano a ciki. Su suka auna, su suka faɗa mana. Waken da za a kai wa Bature yana da mai dubawa, ruwan da ɗan talaka zai sha a Sheka ko Kurna fa?

Wani zai ce ai NAFDAC ta haramta atarazin da parakwat da kulofirifos. Madalla, kuma ta kyauta. Amma mu da muke aikin gwamnati mun san tazarar da ke tsakanin takardar sanarwa da kasuwar ƙauye. Muddin ba a bi shago-shago ba, ba a tsare iyaka ba, ba a nuna wa manomi abin da zai koma wa ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Kada kuma a juye laifin kan manomi. Mutumin da ke feshi ba safar hannu ba takunkumi, shi ne na farko da gubar ke ci, iyalinsa kuma daga magudanar suke ɗiba kai tsaye, ba alif ba kulorin. Rubutun jikin robar da Turanci yake. Malamin gona ya zama tarihi a ƙauyuka da yawa, mai shagon da ke son kayansa su ƙare shi ne ya zama malamin. Wanda ba a koya masa ba, da wane baki za a zage shi?

Abin da nake nema ba gagarau ba ne.

Na ɗaya, a riƙa auna maganin feshi a ruwan da ke shiga matata da wanda ke fita, musamman farkon damina da tsakiyar noman rani, a kuma buga sakamakon kowa ya gani. In ruwan lafiya lau ne, hukuma ce ta ci riba.

Na biyu, a ware tazara a bakin kogi da manyan magudanu inda ba feshi, ba wankin famfo, a bar ciyawa ta tare abin da ke gangarowa. Wanda gonarsa ta shiga ciki a biya shi. Birnin Munich na Jamus tun 1992 yake biyan manoman da ke kusa da maɓuɓɓugar ruwansa don su yi noma ba feshin sinadari, saboda ya gane hana guba shiga ya fi cire ta araha.

Na uku, a dawo da malaman gona, a tilasta rubuta gargaɗi da awo da Hausa, har da ajami, a kuma samar da wurin tara robobin da suka ƙare, a daina zuba manja da ruwan sha a cikinsu.

Na huɗu, in gwaji ya nuna akwai matsala, a saka gawayin tacewa a kasafin kuɗi. Ai ana samun kuɗin gadar sama.

Wannan aiki ya ratsa ma'aikatar ruwa, ta gona, ta lafiya, ta muhalli da hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are, kuma aikin da ya zama na kowa shi ne ba ya da mai shi. Majalisar jiha ta ɗora wa ofishi ɗaya alhakin, a san wanda za a tambaya.

Ku kuma 'yan uwa, in ɗan majalisarku ya zo ƙaddamar da famfo, bayan tafi ku tambaye shi takardar gwaji. Masana ruwa da likitoci da ke nan, ku shigo ku ƙara mana haske. Allah Ya tsare mu da zuri'armu.