Sa Wa Ɗalibi Linux Ba Shi Ne Ƙarshen Aiki Ba

Sau da yawa gwanin kwamfuta yakan sa wa abokinsa Ubuntu, ya kama gabansa. Bayan mako guda sai mai kwamfutar ya koma Windows, don bai san inda zai koyi sabon tsarin ba. A ganina laifin gwanin ne. Me zai hana ya nuna masa umarnin man, wanda ke bayyana aikin sauran umarnoni ko babu intanet? Da Turanci ne dai, amma yana fid da mutum kunya. Mu ɗaliban harshe kuwa, buƙatarmu ta farko ita ce ƙ, ɗ da ɓ. Kibod ɗin Hausa yana nan cikin Ubuntu. A nuna wa mutum yadda zai kunna shi, ya gwada a LibreOffice, kafin a yi sallama.