Baƙi ɗaya, ma'ana goma: ina riba, ina hasara?

A shekarar 2001 wata masaniyar harsuna ƴar ƙasar Kanada, Sonja Lang, ta ƙago wani harshe mai suna Toki Pona, wanda tushensa kalmomi ne wajen 120, kowace da alamarta ta rubutu. Kalmar telo ita ce ruwa, ita ce wanki, ita ce duk abin da ke malala. A ganinta, in kalmomi sun taƙaita, tunani zai yi sauƙi.

Wannan dubara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malamanmu na zaure, daga Tsibirin Gobir har Sakkwato, sun san ramzi, inda baƙin ajami ke ɗauke da sauti da adadi gaba ɗaya: a lissafin Magariba shin dubu ne, ra kuma ɗari biyu. Da haka marubuta irin su Nana Asma'u ke saka shekarar Hijira cikin kalma guda a ƙarshen waƙa. Amma ramzi na da ƙa'ida, kuma mai karatu ya san wurin da zai neme shi.

Bokonmu ma taƙaitacce ne, tunda ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya. Manomin Jiratawa in ya ga an rubuta fari, sai sauran zancen ya faɗa masa ko rashin ruwa ake nufi, ko ƙwarin da ke cinye hatsi, ko launi. Wannan nauyi harshe na iya ɗaukarsa.

Abin da ba ya iya ɗauka shi ne sakacinmu. Taron Bamako na 1966 ya tabbatar mana da ɓ da ɗ da ƙ, amma yau a saƙon salula da allunan shagunan Maraɗi mun yar da lanƙwasarsu. Bara wani ɗan'uwana ya sami saƙo cewa yaronsa “ya bata kudin”. Ya ɗauka ɓatar da su ya yi, ya yi ta faɗa, alhali uwarsa ya ba. Lanƙwasa ɗaya da tazara ɗaya suka kusa raba uba da ɗa.

Mai ƙago harshe don nishaɗi na iya barin ma'ana ta yi yawo. Takardar gona, da ta bashi, da ta magani ba su da wannan dama. Don haka muna kira ga malaman makaranta da na yaƙi da jahilci su tsare ƙa'ida tun daga ajin farko.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.