Ciwon Hanta Nau'in C: Mu Mazauna Lafiya Ya Kamata Mu Farka

Yau ina so mu taɓa wata magana da ba mu cika yi ba a majalisunmu na bakin kasuwa, wato ciwon hanta nau'in C, wanda likitoci ke kira hepatitis C. Mu Hausawa duk abin da ya sa ido ya yi ɗorawa sai mu ce shawara ce, a jiƙa sassaƙe a sha. Matsalar ita ce wannan cuta takan yi shekara 20 tana cin hantar mutum ba tare da idon ya canza ba, yana sayar da doyarsa, yana zuwa masallaci, sai ranar da ciki ya kumbura a ce sammu aka yi masa.

Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna kusan mutum 1 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya na ɗauke da alamar cutar. Amma a jihar Nasarawa an ba da rahoton kashi 13 cikin 100. Dubi wannan tazara, mai karatu! Shi ya sa a 2020 Gwamna Abdullahi Sule, da tallafin ƙungiyar Clinton Health Access Initiative, ya ƙaddamar da shirin shekara biyar na kawar da ita, da niyyar yi wa mutum 124,000 magani. Tun kafin nan ma an fara gwaji da magani a asibitin Dalhatu Araf da ke nan Lafiya.

To ina muke a cikin wannan lissafi? A ganina mun yi sakaci. Da yawanmu, ko mun shekara 30 a Sabon Pegi ko Tudun Gwandara, har yanzu muna ɗaukar kanmu baƙi, duk abin da gwamnatin jiha ta kawo sai mu ce na 'yan ƙasa ne. Ita kuwa ƙwayar cuta ba ta tambayar takardar shaidar asali. Wanda ya kwashe ta a nan, shi zai kai ta Kano ko Katsina idan ya je sallah.

Ta jini take yaɗuwa, kuma a nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Aska ɗaya ta wanzami da za ta bi kai goma, ƙaho, tsaga, kaciyar yara a jere, cire beli, almakashin mai yankan farce da ke yawo kasuwa, allurar da ɗan kyamis ya maimaita, ƙarin jinin da ba a tantance ba. Ba ina cewa a bar wanzamai ba ne, sana'ar gado ce mai mutunci, kuma su ne likitocin kakanninmu. Amma sabuwar reza nawa take? Sarakunan aska su kafa doka a tsakaninsu: kowane kai da rezarsa. Goge aska da tsumma ba ya kashe komai.

Ba a ɗaukarta ta cin tuwo a kwano ɗaya ko musafaha, kuma da wuya ta bi ta auratayya, don haka kada wani ya kori matarsa saboda sakamakon gwaji. Nau'in B yana da allurar rigakafi, nau'in C ba shi da ita. Abin da yake da shi ya ma fi daɗin ji: yana warkewa. Ƙwayoyin da suka fito tun 2013, irin su sofosbuvir, suna warkar da fiye da mutum 95 cikin 100, galibi cikin mako 12. A kula kuma, gwajin farko yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai. Sai an yi na biyu ake sanin ko tana nan, domin kusan kashi 30 cikin 100 jikinsu na korar ta da kansa.

Ku dubi Masar. Allurar maganin tsargiya da aka riƙa yi wa manoma da sirinji ɗaya ce ta baza musu cutar fiye da kusan kowace ƙasa. A 2018 suka tashi haiƙan suka gwada miliyoyin mutane kyauta, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba su shaidar zinariya, ƙasa ta farko da ta samu.

Mu ba mu da ƙarfin Masar, amma muna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da na direbobi, da limamai da masu unguwa. Kuɗin da muke tarawa idan ɗan'uwa ya kwanta da kumburarren ciki, da an tara shi tun da wuri, da ya isa a gayyato ma'aikatan lafiya su yi gwaji a ƙofar masallacin Juma'a. Ranar 28 ga Yuli ce ranar ciwon hanta ta duniya. Shugabannin Hausawan Lafiya su sa ta a ajandar taronsu na gaba.