Lamu: Tsibirin da jaki ya fi mota daraja, kada a je don hoto kawai

Duk lokacin da hutun ƙarshen shekara ya matso, shafukanmu na Instagram da TikTok sai su cika da abu iri ɗaya. Wane a Dubai, wance a Zanzibar, hoto a bakin ruwa, hoto da kofin lemo a hannu. Wannan ba laifi ba ne, wanda Allah ya hore wa ai sai ya huta. Amma gwada tambayar wanda ya dawo, "Me ka gani a can?" Sau da yawa amsar ba ta wuce sunan otal da tsadar abinci. An kashe kuɗin jirgi, an ƙona data, an dawo da hotuna ɗari biyar, kai kuwa fayau.

Shi ya sa yau nake son mu yi maganar Lamu, wani tsibiri da ke gaɓar tekun Indiya a arewacin ƙasar Kenya. Ra'ayina a kansa ɗaya ne: duk abin da ya cancanci a gani a Lamu rayuwar mutane ce da ake yi har gobe, kuma wanda ya je da idon kyamara kaɗai ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma taimaka wajen ɓata wurin.

Tun daga shiga za ka san ka zo wata duniya. Filin jirgin saman yana wani tsibirin maƙwabci mai suna Manda, daga nan sai kwalekwale ya tsallaka da kai. Kana sauka za ka nemi tasi ka rasa. Lungunan tsohon garin sun yi ƙunci, wasu ma mutum biyu da ƙyar suke giftawa, don haka jaki ne motar gari. Shi ke ɗaukar yashi da siminti, shi ke kai kayan shago. Har asibitin jakuna akwai a bakin ruwa, wanda aka buɗe tun 1987. Mu da ke zagin mutum da "jaki", ya kamata mu je mu ga inda jaki yake da likita.

Tsohon garin shi ne babban abin kallo. Mutane sun fi shekara 700 suna zaune a cikinsa ba tare da ya taɓa zama kufai ba, kuma a 2001 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a matsayin garin Sawahilawa mafi daɗewa da ya tsira da kamanninsa a gabashin Afirka. An gina gidajen da duwatsun teku da itacen da ke tsirowa a bakin ruwan gishiri. Ƙofofin katako masu sassaƙa su ne kowa ke rububin ɗauka a hoto. Amma ka ɗan dakata ka dubi gaban ƙofar. Akwai wani ɗan wurin zama da suke kira daka, inda maigida ke karɓar baƙi maza ba tare da sun shiga cikin gida ba. Duk wanda ya tashi a gidan da ke da zaure da dakali ba sai an yi masa bayani ba. Tsarin kunya da kare mutuncin iyali ne aka gina da dutse. Hoton ƙofa ba zai gaya maka wannan ba, sai ka zauna an ba ka gahawa.

A tsakiyar gari akwai ganuwar Lamu, wadda aka gina tsakanin 1813 da 1821. Daga 1910 zuwa 1984 gidan yari ce, yanzu kuma wurin tarihi ne mai ɗakin karatu, dattawa na hira a filin da ke gabanta. A gidan tarihin da ke bakin ruwa kuma akwai siwa, wani dogon ƙaho na sarauta da ake busawa a manyan bukukuwa. Wanda ya san matsayin kakaki a fada zai gane shi nan take.

Sai masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh, malamin da ya zo daga tsibiran Komoros, ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19. Ya rasu a 1935, amma makarantarsa na nan, kuma Maulidin da ake yi a wurin duk watan Rabi'ul Awwal yana tara jama'a daga sassan gabashin Afirka. Nan ne nake jin takaicin wasunmu. Za ka ga matashi ya shiga wurin ibadar mutane da waya a sama, yana magana da masu bibiyarsa kamar yana filin wasa. Haba! Abin da ba za ka yarda baƙo ya yi a masallacin unguwarku ba, don me za ka kai shi garin wasu?

Masu son bakin ruwa kuma ba a bar su a baya ba. Ƙauyen Shela na da nisan kusan kilomita 3 daga gari, kuma daga nan farin yashi ya miƙe kusan kilomita 12. Bayan yashin akwai manyan tuddan rairayi da kowa ke hawa don ɗaukar faɗuwar rana. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a ƙarƙashin tuddan nan ruwan sama ke taruwa, kuma daga nan garin ke samun ruwan sha. Idan aka cika su da otal-otal, ruwan gishiri ne zai shiga rijiyoyi. In kana ganin wasa ne, hau kwalekwale ka je kufan Takwa a tsibirin Manda. Gari ne guda da masallacinsa, mutanensa suka watse a ƙarni na 17, kuma dalilin da masana suka fi kawowa shi ne rijiyoyinsu sun koma gishiri. Ka tsaya cikin wannan kufai ka tuna tuddan Shela, za ka fahimci abin da ake tsoro.

Wurin da ni na fi so matasa su je shi ne Matondoni, ƙauyen masu sassaƙa jiragen ruwa na katako, irin waɗanda iska ke turawa. Sana'a ce ta gado, ana yin ta da hannu. Kuma kada ka ɗauka mutanen Lamu sun tsaya a jiya. A tsibirin nan ne aka ƙera Flipflopi, jirgin ruwa da aka yi da robobin da aka tsinto a bakin teku, aka lulluɓe shi da tsofaffin silifa, kuma a farkon 2019 ya yi tafiya har Zanzibar. Ga abin da ya cancanci bidiyo na minti uku, ba ƙafarka a cikin yashi ba.

To, na san abin da wani zai ce. "Kai malam, kana so mutane su dawwama a kan jaki don baƙi su ji daɗin kallo?" Wannan magana tana da ƙarfi, ba zan yi kamar ban ji ta ba. A 'yan shekarun nan baburan acaɓa sun shigo Lamu, kuma ana ta ce-ce-ku-ce a kansu. Masu kare tarihi na cewa suna ɓata garin, matasan da ke tuƙa su kuma na cewa da me za su ci abinci? Mai ciki da naƙuda ta kama da dare ba ruwanta da UNESCO. An kuma buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a yankin a 2021, wasu na hangen aikin yi, masunta na kukan wuraren kamun kifinsu.

Amsata ita ce, ba baƙo ne zai yanke wannan hukunci ba, mutanen Lamu ne, kuma sun nuna sun iya. Lokacin da aka so kafa tashar lantarki mai aiki da kwal a yankin, su suka tashi suka kai ƙara, har kotun kula da muhalli ta Kenya ta soke lasisin aikin a 2019. Abin da ke hannun baƙo shi ne inda kuɗinsa ke zuwa. Idan ka sauka a masaukin ɗan gari, ka ɗauki ɗan rakiya ɗan gari, ka hau jirgin katako maimakon mai inji, ka sayi abin da masassaƙi ya yi da hannunsa, ka sa tsohuwar sana'a ta ci gaba da ciyar da mai ita. Saurayin da jirgin babansa ke kawo masa kuɗi ba zai yi gaggawar sayar da shi ya sayi babur ba. Amma in ka ƙule a otal ɗin da wani attajirin waje ya saya a Shela, ka fito sau ɗaya ka ɗauki jakin mutane hoto ko sannu babu, to kai ma kana cikin masu rushe abin da ka zo kallo.

Gaskiya ɗaya kuma da bai kamata a ɓoye ba: yankin na kusa da iyakar Somaliya, kuma an sha kai hare-hare a ɓangaren tudu na gundumar, kamar na Mpeketoni a 2014. Shi ya sa baƙi da yawa ke zaɓar jirgin sama maimakon hanyar mota. Duk mai niyya ya bincika halin da ake ciki kafin ya sayi tikiti.

Don haka, 'yan uwa, in Allah ya ba ku ikon zuwa, a watan Maulidi ne ko lokacin bikin al'adun da ake yi wajajen Nuwamba, inda ake tseren jakuna da na jiragen ruwa, ku yi shiga ta mutunci, ku nemi izini kafin ku ɗauki fuskar kowa, ku koyi gaisuwa ko da kalma biyu ce ta Sawahili. Ku ɗauki hoto, ba wanda ya hana. Amma ku ware yini guda ku bar wayar a ɗaki, ku zauna a daka ku saurari dattijo. In kun dawo aka tambaye ku me kuka gani, a samu abin faɗa.