Yarinyar da ta kayar da gwanin duniya

Ɗan'uwa mai karatu, ka san dara. Ramu 30 a ƙasa, kowane mutum da ƴaƴansa 12, wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokinsa. To, a gindin iccen da ake dara a garinku, ka taɓa ganin mace zaune tana wasa? In ka tambaya, sai a ce maka kan mace bai iya lissafin. Ni ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Akwai wani wasa da ake kira ces. Masu jin Faransanci suna ce masa eshek, mu kuwa mukan ce darar Turawa, ko da yake asalinsa daga Indiya ne, ya bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa kafin ya kai Turai. Allonsa gida 64 ne, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 16, har da sarki da sarauniya da dawaki biyu. Wanda ya ritsa sarkin abokinsa, ya hana shi hanyar gudu, shi ya ci. A manyan gasa, wasa guda yakan kai awa biyar ko shida, mutum biyu zaune shiru, sai aikin ƙwaƙwalwa. Ƙungiyar wasan ta duniya, FIDE, ita ke ba wanda ya ƙware ƙwarai sunan babban gwani, kuma babu laƙabin da ya fi shi, in ba na zakaran duniya ba.

A birnin Budapest na ƙasar Hangari an yi wani malami, Laszlo Polgar, mai ɗiya uku, duka mata: Zuza, Sofiya da Judit. Shi ya yi imani gwaninta koyo ce, in an fara tun da ƙuruciya. Sai shi da matarsa suka zaunar da yaran suna koya masu ces kullum, awa da yawa. A 1988 su ukun suna cikin ƴan wasan da suka ciyo wa Hangari lambar zinariya a gasar mata ta ƙasashen duniya, suka sha gaban Tarayyar Sobiyet wadda ta daɗe tana riƙe da wurin. Lokacin nan Judit, autarsu, shekararta 12.

Judit ba ta tsaya wurin mata ba, ta shiga gasar maza. A 1991 ta ci gasar ƙasar Hangari, ta zama babbar gwana tana da shekara 15 da wata 4. Kafin ita ba a taɓa samun wanda ya kai nan da ƙananan shekaru haka ba, har Bobi Fisha na Amurka, wanda ya samu sunan a 1958. A 1993 ta kara da tsohon zakaran duniya Boris Spasski, ta rinjaye shi. A 2002, a birnin Mosko, ta zauna gaban Gari Kasparov, wanda ya riƙe sarautar wasan daga 1985 zuwa 2000, kuma a lokacin shi ne na ɗaya a duniya. Ta cinye shi a wasa mai sauri. A 2005 ta kai ta takwas a duniya duka, maza da mata. Ta bar gasa a 2014.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce ai ita ɗaya ce. Gaskiyarka, har yau ita kaɗai ce macen da ta taɓa shiga cikin goman farko, kuma cikin manyan gwanaye wajen 2000, mata ba su kai 50 ba. Amma tambayi kanka, ƴan mata nawa aka zaunar gaban allon tun suna ƙanana? Inda maza suka cika fili, mata ƴan kaɗan, dole gwanaye maza su fi yawa. A gida guda da aka zaunar da mata uku, biyu sun zama manyan gwanaye, don Zuza ma ta samu sunan a 1991, ta ukun kuma, Sofiya, ta yi suna a wasan. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ban ce ka yi yadda Polgar ya yi ba. Shi a gida ya karantar da ɗiyansa, bai kai su lakwal ba, kuma ba kowane uba ke da hali ko sanin yin haka ba. Ban kuma ce ces ce za ta cika rumbu ba. Abin da nike so ka duba shi ne wanga: da an ce da Judit tun tana ƙarama wannan ba aikin mata ba ne, da ba wanda zai san kanta na iya kayar da Kasparov, ita kanta ba za ta sani ba.

Yanzu dubi gidanka. Da safe ɗanka ya rataya jaka ya tafi lakwal, ɗiyarka ta ɗauki tulu, ta dawo ta kama daka, da rana a aza mata talla. Yarinyar da ke lissafin canji a kasuwa ba ta ɓatar da ko dala ba, ita ce kake cewa kanta bai ɗaukar karatu? Kai kanka da girmanka ka zo ajin yaƙi da jahilci, don ka ga abin da rashin karatu ya jawo maka. Kada ka bar ta ta jira har ta kai shekarunka.

In lokacin rubuta yara ya zo, kama hannunta ka kai ta wurin mushe. In kuma ta tsaya bayanka tana kallon dara, matsa mata wuri, ka ba ta ƴaƴa 12, ka gani.