Jirgin Yana Teku, Makaminsa Yana Faɗowa a Gona

A daren 25 ga Disamba 2025 makamai masu linzami na Amurka suka sauka a jihar Sakkwato. Gwamnatin Najeriya ta ce da yardarta aka yi. Ministan harkokin wajenta na lokacin, Yusuf Tuggar, ya ce su ne suka ba da bayanan sirri. Abin da aka nufa, in ji gwamnatin, shi ne sansanonin ƴan bindiga masu alaƙa da ƙungiyar IS a dajin Bauni, cikin ƙaramar hukumar Tangaza, wadda ke jingine da iyakarmu ta Nijar. Ma'aikatar tsaron Amurka ta saki wani gajeren bidiyo, inda aka ga wuta ta tashi daga kan wani jirgin ruwa cikin duhu ta yi sama. Jirgin yana Mashigin Tekun Gini a lokacin, kuma rahotanni sun ce USS Paul Ignatius ne, ɗaya daga cikin jiragen da sojan ruwa ke kira distiroya.

Ba duk abin da aka harba ne ya isa inda aka aike shi ba. Abuja da kanta ta amsa cewa ɓaraguzai sun faɗo a Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, da kuma Offa a jihar Kwara. Na Jabo a gona ya faɗo, kusa da ƙaramin asibitin garin. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, amma mutanen garin sun gaya wa ƴan jarida cewa su ba su san wata IS a wajensu ba.

Manomin Mai Yara, a gundumar Dakoro, yana iya cewa ina ruwansa. Tun daga makaranta ake koya mana cewa Nijar ba ta da teku, kuma muka ɗauka duk wata rigimar jiragen ruwa ta masu gaɓa ce. Sai dai a ɗauko taswira a auna. Makamin Tomahawk, wanda irin wannan jirgi ke harbawa, yana cin tafiyar kilomita wajen 1,600. Daga gaɓar Legas zuwa gundumar Dakoro, a miƙe, abin bai wuce kilomita 1,000 ba. Yamai da Doso da Tawa da Maradi da Damagaram, har Agadas, duk suna cikin zangonsa. Yana tafiya ƙasa-ƙasa don kada na'urar hango jirage ta gan shi, da gudun da ya haura kilomita 800 a awa, yana bin tauraron ɗan adam da taswirar tudu da kwari da aka ɗura masa, ɗauke da abin fashewa mai nauyin kilo 450. Wato tsakanin danna maɓalli a teku da faɗuwarsa a Sakkwato, awa ɗaya ce da ƴan mintoci.

Shi jirgin kansa ba wani ƙato ba ne idan aka jera shi da masu dakon kwantena da ke zuwa Kwatano da Lome. Samfurin Arleigh Burke, wanda Amurka ta fara aiki da shi a 1991 kuma yanzu take da fiye da 70, tsawonsa mita 155 ne, da sojoji wajen 300 a ciki. Wanda ya leƙa samansa ba zai ga manyan bindigogi birjik irin na fim ba, igwa ɗaya ce a gaba. Ƙarfinsa yana cikin wasu ramuka 90 zuwa 96 masu murfin ƙarfe, jere reras kamar gurabun dara, kowane da makami a tsaye a ciki. Wani na kakkaɓo jirgin sama ne, wani na tare makami mai linzami, wani na farautar jirgin ƙarƙashin ruwa, wani kuma na dukan tudu. Daga waje ba mai iya sanin wane ne a wane rami. Saboda haka idan jirgin ya tsaya a gaɓar wata ƙasa da sunan ziyara ko atisaye, ba a san da me ya zo ba sai ranar da murfi ya buɗe.

Masu irinsa a duniya ba su da yawa. Sin tana da samfurin 055 mai ramuka 112, wanda na farkonsa, Nanchang, ya fara aiki a 2020. Ingila tana da shida kacal. Japan da Koriya ta Kudu da Indiya suna da nasu. A Afirka ta Yamma babu ko ɗaya, kuma ba ma ganin laifin kowa a kan haka. Kuɗin guda ya haura dalar Amurka biliyan 2, abin da ya fi sulusin kasafin kuɗin Nijar na shekara, wanda ke wajen sefa biliyan 3,000. Najeriya ma da ke da gaɓa da man fetur, manyan jiragenta irin su NNS Thunder da NNS Okpabana tsofaffin jiragen tsaron gaɓar Amurka ne da aka miƙa mata. Maganar mu ko maƙwabtanmu mu yi gasa a wannan fage ba ta ma taso ba.

Mun taɓa ɗanɗanar aikin waɗannan jirage, ko da yake ba mu danganta shi da su ba. Ranar 19 ga Maris 2011 aka harba Tomahawk fiye da 110 a kan Libiya daga Bahar Rum, kuma cikin masu harbin akwai distiroya biyu na Amurka, USS Barry da USS Stout. Su suka rusa kariyar sararin samaniyar Gaddafi, jiragen sama suka biyo baya. Kafin watan Oktoba ya ƙare an kashe shi a Sirte. Duk wanda ke da wayo a ƙasar Dakoro yana tuna abin da ya biyo: dubun-dubatar ƴan ci-rani suka kwararo ta Dirku da Agadas a saman manyan motoci, da yawa hannu rabbana, gidajen da ke jiran aike daga Sabha da Tarabulus suka koma ciyar da wanda da yake ciyar da su. Rumbunan makaman Libiya suka buɗe, arewacin Mali ya faɗi a 2012, ranar 23 ga Mayu 2013 aka kai hari Agadas da Arlit. Tsohon shugaba Mahamadou Issoufou ya sha faɗin cewa ya gargaɗi manyan ƙasashe tun a taron Deauville na Mayun 2011, ba a saurare shi ba. Jiragen da suka yi harbin kuwa sun koma tasharsu tuni.

Nan ne muke ganin akwai gyara a yadda ake maganar ƴancin kai a ƙasarmu. Sojan Faransa na ƙarshe ya fita a Disamba 2023. A Maris 2024 Yamai ta soke yarjejeniyar soja da Amurka, a Agusta aka miƙa sansanin 201 na Agadas, wanda aka kashe fiye da dalar Amurka miliyan 100 wajen gina shi. Jama'a da yawa sun yi murna, kuma suna da hujja. Amma sansanin da ke kan tudu shi ne ake iya kora da takarda. Wanda ke yawo a kan ruwa, da zarar ya wuce mil 12 daga gaɓa yana ruwan kowa da kowa, ba ya biyan haya, ba ya jiran sa hannun wani minista a Yamai. Wata 16 bayan barin Agadas, Amurka ta bugi wani daji da ke bakin iyakarmu ba tare da ta taka ƙasarmu ba. Wanda ya ce wa talaka an rufe ƙofa an huta bai gaya masa duka labarin ba.

Kada kuma a ɗauka jirgin yana maganin komai. A Bahar Maliya, tun daga 19 ga Oktoba 2023 da USS Carney ya kwashe awanni yana kakkaɓo makaman ƴan Huthi, jiragen Amurka da na Ingila sun yi ta harba makamin dalar Amurka miliyan 2 a kan jirgi maras matuƙi da bai kai kuɗin motar hawa mai kyau ba. Duk da haka manyan kamfanonin dakon kaya suka zagaya ta kudancin Afirka, kuɗin shigar Masar daga mashigin Suwez ya faɗo daga wajen dalar Amurka biliyan 10 a 2023 zuwa wajen biliyan 4 a 2024. Tun a shekarar 2000 ma wani ƙaramin kwale-kwale shaƙe da nakiya ya huda USS Cole a tashar Aden, sojoji 17 suka mutu. Makami yana rusa bukkar da aka nuna masa a taswira, amma ba ya kwana a daji ya hana ƴan bindigar Lakurawa karɓar zakkar dole, ba ya dawo da shanun da aka kora. Ɗan bindigar da ya tsira hawa babur zai yi, kuma iyakar da ta fi kusa da Tangaza tamu ce, wajen Ƙonni da Dogon Dutsi. Mutanen Madarunfa da Gidan Rumji, waɗanda tun 2019 suke saukar da ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, sun san yadda matsi a can ke zama baƙi a nan.

Akwai ƙaramin aiki da ba ya buƙatar ko sisi daga waje. A karkararmu ƙarfe kuɗi ne. Yaro ya tsinci guntun ƙarfe a gona, kafin magariba ya kai wa mai sayen gwangwan an ɗora a sikeli. Ya kamata gidajen rediyon karkara na Dakoro, da sarakuna da hakimai da limamai, su faɗa a fili cewa duk abin da ya faɗo daga sama, ko aka tono a saura ba a san shi ba, kada a taɓa, kada a sara, kada a sa a wuta, a kira jandarma. Masu sayen ƙarfe a kasuwannin Kornaka da Sabon Mashi su ne ya kamata a fara zama da su.

Babban aikin kuwa yana tsakanin Yamai da Abuja. Mun fita daga CEDEAO a Janairun 2025, mun janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Cadi a Maris, amma iyakar kilomita 1,500 tana nan inda take, kuma Hukumar Haɗin Gwiwar Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971, ofishinta a Yamai yake. Tuggar ya zo a Afrilun 2025 ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, aka yi alkawarin farfaɗo da ita. Muna kira ga gwamnati ta yi amfani da wannan teburi ta nemi magana ɗaya a rubuce: duk lokacin da Najeriya za ta bar wata ƙasa ta uku ta yi harbi kusa da iyaka, a sanar da rundunar sojanmu tun kafin a harba, domin a tare mashigai, a kuma san wanda zai biya diyya idan makami ya ɓace hanya ya faɗo a wannan ɓangaren.